Mene ne Wi-Fi na mesh, kuma yaushe yake da amfani?

Duk wanda raunin Wi-Fi ya dama a gida, in ya fara neman mafita, ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmar mesh. Abin da ake nufi shi ne a raba aikin rauta ɗaya, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, tsakanin na'urori biyu ko uku ko fiye, a ajiye kowace a wani ɓangare na gida, suna magana da juna, amma wayarka tana ganinsu da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Guda ce kaɗai ke haɗe da layin intanet da ya shigo gida, sauran daga gare ta suke karɓa su miƙa gaba. Tsarin ya fara yaɗuwa a gidaje a 2016, lokacin da Eero da Google Wifi suka shigo kasuwa, kuma a 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da ƙa'idar EasyMesh don na'urorin kamfanoni daban-daban su iya aiki tare.

Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma tana raunana da nisa da kuma duk abin da ta ratsa. Bangon siminti mai rodi a ciki yana cinye ta sosai, ƙarfe da madubi suna mayar da ita baya, ruwa yana shanye ta. Yawancin rauta na aiki da mita biyu, wato zango biyu na igiyar rediyo. Ta 2.4 GHz ta fi kai nesa da keta bango, sai dai cunkoso ya yi mata yawa: Bluetooth na nan, na'urar ɗumama abinci ta maikirowef na nan, rautocin maƙwabta ma na nan, alhali tashoshi uku ne kawai a cikinta ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Ta 5 GHz ta fi sauri da sarari, amma bango biyu na iya gama da ita. Shi ya sa bidiyo ke tafiya lafiya lau a falo, da ka shiga ɗakin ƙurya ya tsaya yana juyi.

Mutane kan ruɗa mesh da ƙaramar na'urar ƙara nisa da ake makalawa a soket. Wannan na'urar, in mai rediyo ɗaya ce, tana sauraron rauta sannan ta maimaita abin da ta ji a tasha guda, kamar mai tafinta da sai ya gama ji kafin ya faɗa, don haka saurin yakan ragu kusan rabi. Sau da yawa kuma takan buɗe wani suna dabam, wayarka ta manne wa na nesa alhali na kusa na gabanta. Na'urorin mesh masu kyau suna amfani da ƙa'idojin 802.11k da 802.11v da 802.11r wajen nuna wa waya na'urar da ta fi kusa, ta koma can ba tare da kiran da kake yi ya yanke ba.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne hanyar da na'urorin ke bi su yi magana da juna, kuma shi masu saye suka fi mantawa. In ta iska ce a mita ɗaya da wayoyin salula na gida, matsalar rabin sauri ta dawo. Masu mita uku sukan keɓe guda don wannan zancen na tsakaninsu. Amma babu abin da ya kai kebul na Ethernet, wato kebul ɗin da ake haɗa kwamfuta da rauta da shi. In za ka iya jan shi daga babbar na'ura zuwa ƙaramar, ja shi, ko da zai bi gefen bango.

Wurin ajiya ma ana yawan kuskure a kansa. Mutum zai ɗauki na'ura ta biyu ya kai ta cikin ɗakin da sigina ba ya kai, ya yi mamakin ganin sandunan sigina sun cika a waya amma shafi ba ya buɗewa. Ai na'urar ba ta da abin da za ta miƙa, tunda ita kanta ba ta jin uwar. Tsakanin uwar da wancan ɗakin ake ajiye ta, a kan wani abu mai tsayi, a fili. Akwai manhajojin waya da ke auna ƙarfin sigina da dBm: kusan -50 yana da kyau ƙwarai, -67 ya isa kiran bidiyo, daga -80 kuwa sai haƙuri.

Kafin ka kashe kuɗi, tsaya dab da rauta ka gwada saurin intanet ɗinka. In a nan ma yana jan ƙafa, laifin na layin da ya shigo ne ko na tsarin da ka biya, kuma na'urori goma na mesh ba za su ƙara masa komai ba. In a kusa yana gudu, a nesa yana mutuwa, fara da ciro rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, ka ɗora ta sama a tsakiyar gida. Ƙaramin gida mai ɗakuna biyu ko uku sau da yawa wannan kaɗai ya ishe shi. Gida mai bene ko mai dogon tsari da kaurin bango shi ne inda mesh ke biyan kuɗinsa.