Ma'anar "seed" a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka

Duk shekara da watan Maris ya kama, kalmar "seed" sai ta cika shafukan wasanni, saboda gasar ƙwallon kwando ta maza ta jami'o'in Amurka, wadda aka fara a 1939, kuma NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, ke shiryawa. Rannan da daddare ina teburin mai shayi, rediyo na kunne, na ji mai gabatar da shirin wasanni yana cewa an "jefa ƙuri'a" an haɗa wata ƙaramar jami'a da "ta ɗaya a duniya". Kuskure biyu a numfashi ɗaya, kuma abin ya tsaya mini a rai, don jama'a sukan ɗauki maganar rediyo su zauna a kanta.

Babu ƙuri'a a wannan gasa ko kaɗan. Mun saba da gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, inda wani tsohon ɗan wasa ke sa hannu cikin kwano ya zaro suna, shi ya sa muke zaton ko'ina haka ake yi. A nan wani kwamiti ne na mutum 12, galibinsu shugabannin sashen wasanni na jami'o'i da na rukunonin gasa, ke kulle kansu na kwanaki, su zaɓi ƙungiyoyin da za su shiga tare da zakarun rukunoni, waɗanda ke shiga kai tsaye, su jera su duka daga ta 1 zuwa ta 68, adadin da aka kai a 2011. Ranar Lahadi ake sanarwa a talabijin. Sai a raba su shiyya huɗu, Gabas, Yamma, Kudu da Tsakiyar Yamma, kowace shiyya a ba ƙungiyoyinta lamba 1 zuwa 16, wasannin share fage kuma su rage adadin zuwa 64. Wannan lambar ita ce "seed". Ke nan masu lamba ɗaya su huɗu ne kowace shekara, kuma babu wadda ta ci komai tukuna. Ina maganar ta ɗaya a duniya?

Asalin kalmar ya fi komai fito da ma'anar. A Turanci "seed" iri ne, ƙwayar shuka. Daga wasan tanis aka fara amfani da ita haka. Gasar Wimbledon ta fara cikakken tsarin a 1927, ita kuwa ta NCAA sai 1979. Wanda ya taɓa fita shuka bayan ruwan farko ya san abin da ake nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai sungumi na gaba yana sara, mai iri na biye yana zubawa yana rufewa da diddige, kuma ba a sara rami a jikin rami. Tazarar taku ake bari a tsakani. In ka cusa shuka wuri guda, ita da 'yar'uwarta za su yi ta kokawar ruwa da taki, su tsumbure tun kafin su fid da kai, can gefe kuma gona ta zauna fili sai ciyawa. Haka masu tanis suka lura: in aka bar wa ƙuri'a, gwanaye biyu na iya haɗuwa ranar farko, ɗaya ya tafi gida, wasan ƙarshe ya zama lami. Sai suka riƙa "shuka" gwanayen nesa da juna a cikin jadawali, don kada su haɗu sai kusa da girbi. Tazara ake nufi. Lambar tana faɗa maka inda aka dasa ka da wanda za ka fara karo da shi, ba ta naɗa ka sarauta ba.

Gonar da ake shukar ita ce "bracket", jadawalin nan mai kama da rassan bishiya da ke haɗewa har su zama gindi ɗaya. Lamba 1 na karawa da 16, 2 da 15, 3 da 14, har zuwa 8 da 9. Ka haɗa kowane biyu za ka samu 17. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya tafi. Ba a kuma sake rabo bayan kowane zagaye: in ƙarama ta kayar da babba, ta gaji hanyarta mai sauƙi. Miliyoyin Amurkawa na cike wannan takarda da hasashensu kafin a fara, har Barack Obama yakan cike tasa a gaban kyamara lokacin yana shugaban ƙasa. A 2014 attajiri Warren Buffett ya tsaya wa kyautar dala biliyan 1 ga duk wanda ya canki wasanni 63 ɗin duka. Ba wanda ya ɗauka.

Wanda ya fi kusa da mu a wannan labari shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. A 1983 jami'arsa ta Houston ce mai lamba 1, ta kai wasan ƙarshe, ta haɗu da North Carolina State mai lamba 6. A daƙiƙar ƙarshe Lorenzo Charles ya cafe ƙwallon da ta gaza kai raga ya dankara ta ciki, aka tashi 54 da 52. Olajuwon aka ba gwarzon gasar, kofi kuwa ya tafi wani gida. Shekara biyu bayan haka Villanova mai lamba 8 ta doke Georgetown mai lamba 1, ta fitaccen ɗan wasa Patrick Ewing, 66 da 64 ta ɗau kofi.

Amma kada a ɗauka lambar banza ce, don akwai masu wuce gona da iri ta wannan ɓangaren su ma. Daga 1985, da aka kai ƙungiyoyi 64, masu lamba 1 sun kara da masu lamba 16 sau 135 ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba. Sai ranar 16 ga Maris 2018 jami'ar UMBC mai lamba 16 ta lallasa Virginia mai lamba 1 da ci 74 da 54. A 2008 da 2025 kuwa masu lamba ɗaya huɗun ne cif suka kai zagayen kusa da na ƙarshe. Kwamitin ya san aikinsa.

Abin da ke damuna daban ne. Kalmar "ƙuri'a" tana wanke hannun mutanen da suka yi rabon, alhali hannu ne ya yi shi, kuma hannun ya fi karkata ga manya. Babbar jami'a mai kuɗi, da ke cikin rukuni mai ƙarfi, za ta sha kashi sau goma ko fiye a kaka, a ce ai da manya ta kara, a gayyace ta. Ƙaramar jami'a za ta ci kusan duk wasanninta, ta yi tuntuɓe dare ɗaya a gasar rukuninta, shi ke nan ƙofa ta rufe. In an tambaya a ce ba ta kara da manya ba, manyan kuwa su ne ba sa yarda su je gidanta. In ma ta shiga, sai a dasa ta a ƙarƙashin inuwar kuka, inda shuka ba ta yi. Har ma huɗu mafi ƙanƙanta cikin zakarun rukunoni sai sun fara zuwa garin Dayton na jihar Ohio sun kara da juna, kafin biyu su sami izinin fuskantar mai lamba 1.

Ta wannan ƙofar jami'ar Fairleigh Dickinson mai lamba 16 ta bi a 2023. Ita ce mafi gajerun 'yan wasa a duk babban rukunin jami'o'in ƙasar a shekarar. Ta ci wasanta a Dayton, bayan kwana biyu aka tsayar da ita gaban Purdue mai lamba 1, mai Zach Edey, dogon da ya kai ƙafa 7 da inci 4. Yaran suka yi ta kewaye shi kamar zuma, suna tare hanyar ƙwallo tun kafin ta iso hannunsa, suna barin sauran 'yan Purdue su yi ta jifa daga nesa suna kuskurewa. Aka tashi 63 da 58.