Tambayoyi Da Amsoshi Kan Saita Tazarar Bawul A Injin Mota

Mece ce tazarar bawul?

Ɗan ƙaramin gibi ne da ake bari tsakanin kan bawul (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don shigar da iska cikin silinda ko fitar da hayaƙi) da ƙarfen da ke danna shi, kuma shi ne abin da makanikai ke gyarawa idan suka ce za su yi setin tafet. An bar shi ne saboda ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya ɗauki zafi. Bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi ya fi na shigar da iska shan zafi, shi ya sa galibi tazararsa ta fi faɗi: a injuna da yawa na shiga yana tsakanin milimita 0.15 zuwa 0.25, na fita kuma 0.25 zuwa 0.35. Sai dai adadin da kamfanin motar ya rubuta shi ne abin bi.

Me ke faruwa idan ta kauce?

Idan ta yi faɗi, injin zai riƙa ƙaf-ƙaf-ƙaf, ƙarfinsa ya ɗan ragu. Matsewa ce ta fi haɗari, domin ba ta da ƙara. Bawul ɗin da bai zauna sosai a mazauninsa ba yana zubar da matsin silinda, kuma ba ya samun damar sauke zafinsa, don haka a hankali bakinsa yake ƙonewa har sai an sauke tof silinda, wato kan injin. Direban da ke matsa wa makanike ya ɗaure tafet har injin ya yi tsit, kansa yake jawo wa asara.

Yaya ake yin aikin?

Ana cire marfin saman injin, a juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa a bugun matsi, lokacin da bawulolinsa duka ke rufe. Sai a zura ma'aunin fila geji, wato siraran ƙarafa masu kauri daban-daban, a gibin. Wanda ya dace yana wucewa da ɗan ja kaɗan, ba sakaka ba. Idan tazarar ta kauce, a sassauta notin da ke riƙe sukurun saiti da sifana, a juya sukurun da sukudireba, a riƙe shi yayin ɗaurewa, sannan a sake aunawa, domin ɗaure noti kan gusar da setin. Daga nan a bi sauran silindoji, wanda a yawancin injuna masu huɗu jerinsu 1-3-4-2 ne.

Da zafi ake yi ko da sanyi?

Yawanci da sanyi. Honda ta ƙayyade cewa zafin kan injin ya kasance ƙasa da digiri 38, alhali a Sakkwato zafin rana a watan Afrilu yakan haura 40. Mafita ita ce motar ta kwana a gareji, a auna da sassafe kafin a tayar da ita.

Kowace mota ce ke buƙatar wannan?

A'a. Wasu injuna suna daidaita kansu da matsin baƙin mai, kuma ƙararsu takan nuna mai ya tsufa ko ya yi ƙasa. Wasu na Toyota kuwa ba su da sukurun saiti, sai an canza ɗan faifan ƙarfe mai kaurin da ya dace. Motar da aka mayar mai aiki da iskar gas tana son a riƙa duba ta akai-akai, domin tazararta kan matse da wuri.