Yadda Cibiyar Ƙwayar Halitta Ke Jin Ja da Matsi

Cibiyar ƙwayar halitta, wadda masana ke kira nukiliyas, ita ce ma'ajiyar DNA, wato umarnin gado, kuma a yawancin ƙwayoyin jikin mutum ta fi duk abin da ke cikin ƙwayar girma da tauri. An daɗe ana yi mata kallon rumbu kawai. Ashe tana jin ja da matsi, har ta sauya irin furotin da ƙwayar ke ƙerawa.

A 1997, Donald Ingber da abokan aikinsa a Amurka suka ja fatar ƙwaya da ɗan siririn tsinke, sai ga cibiyar can ciki ta miƙe ta bi jan. Wasu zarurruka ne suka taso daga fatar suka ɗaure a bangon cibiyar, ta wata mahaɗa da ake kira LINC. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a Katsina ya ga kwatankwacinsa: makaɗin ya matse shi a hammata, igiyoyi su ɗame, fata ta miƙe, murya ta sauya. Haka bangon cibiya yake. In ya miƙe, ƙofofinsa kan ƙara buɗewa, furotin YAP ya shiga ya tayar da umarnin girma.

Daga ciki, bangon yana da shimfiɗar furotin mai suna lamin, wadda ke ƙara masa tauri. Mahauci ya san ƙwaƙwalwa da yatsa ake lotsa ta, guringuntsi kuwa sai wuƙa. A 2013 rukunin masana na Dennis Discher ya nuna cewa yawan lamin A, wani nau'in lamin, na bin wannan bambanci: kaɗan a ƙwaƙwalwa da kitse, da yawa a tsoka da ƙashi.

Shi ya sa in LMNA, umarnin gadon da ke ƙera lamin A, ya samu tangarɗa, tsoka da zuciya, masu aikin ƙarfi ba hutu, su ne kan fara jigata. Daga nan ake samun ciwon shanyewar tsoka na Emery-Dreifuss da wani nau'in buɗewar zuciya. Mafi ban tausayi shi ne furojeriya, tsufan yara, wanda aka gano tushensa a 2003. Yawanci ciwon zuciya ke ɗauke su tun suna 'yan shekara goma sha. Amurka ta amince da maganin lonafarnib dominsu a 2020.

Ƙwayoyin sankara kuma, garin kutsawa ta matsattsun wurare, bangon cibiyarsu kan yage, DNA ya lalace kafin ƙwayar ta ɗinke bangon.