Hutu tsakanin tsauni da teku a kudancin Turkiyya: tambayoyi da amsoshi

Hausawa da yawa sun san Turkiyya ta hanyar fatauci, karatu ko neman lafiya, kuma galibi Istanbul ce iyakar tafiyarsu. Amma can kudu, a gaɓar Bahar Rum, yamma da birnin Antaliya, akwai wani yanki da tsaunuka masu daji suke gangarowa har bakin ruwa. Mai son kai iyali hutu can zai so ya san abubuwan da ke tafe kafin ya biya kuɗin jirgi.

Wane yanki ake nufi takamaimai?

Gaɓar da ta tashi daga Antaliya ta yi kudu maso yamma, ta ratsa Goynuk da Kemer da Tekirova, ta kai Cirali da Olimpos da Adrasan. Tsaunukan da ke bayanta reshe ne na tsaunukan Toros, Turkawa suna ce musu Beydaglari. Tun 1972 gwamnati ta mayar da wani babban ɓangare na gaɓar gandun daji na ƙasa, shi ya sa har yau ake samun wuraren da gini bai cinye ba. Itacen da ya fi yawa shi ne mai siririn ganye kamar allura, wanda Turkawa ke kira cam, sai itacen al'ul can sama inda sanyi ya fi yawa. Daga Antaliya zuwa Kemer kilomita 40 ne da ɗoriya, zuwa Cirali kuwa kusan 80, kuma babbar hanya ɗaya ce ta haɗa su duka, wato D400.

Wane wata ya fi dacewa?

A nan ne mutanenmu suke faɗawa tarko, domin suna bin kalandar Turawa. Bajamushe ko Barashe rana yake nema, shi ya sa yake cika otal a Yuli da Agusta yana kwanciya a bakin ruwa. Mu kuwa me za mu yi da rana? A waɗannan watanni zafin Antaliya yakan wuce maki 35, wani lokaci ya taɓa 40, ga gumi mai danƙo irin na Legas, ga farashin masauki a sama, ga cunkoso. Wanda ya baro zafin gida ya biya kuɗin jirgi don ya tarar da wani zafin bai yi ciniki ba.

Lokuta biyu ne suka fi daɗi. Na farko daga Afrilu zuwa ƙarshen Mayu: daji ya yi kore, ƙoramu na gudu, gonakin lemo na ƙamshi, kuma sau da yawa akwai sauran dusar ƙanƙara a kan tsauni. Illa dai ruwan teku da sanyi a Afrilu, sai mai ƙarfin hali ke shiga. Na biyu daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba: zafi ya sauka, teku na nan da ɗumi, rumman ya nuna, 'yan makaranta sun koma aji, farashi ya fara sauƙi. A ganina, in dai da yara za a je, Oktoba ta fi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu damina ce a can, domin a yankin Bahar Rum ruwan sama da sanyi yake zuwa, akasin namu. Ƙananan masaukai da dama sukan rufe. Sannan a lura da ranakun salla: Turkawa kansu sukan fito hutu a ƙaramar salla da babbar salla, wurare su cika maƙil.

Yaya ake isa?

Ta Istanbul. Kamfanin Turkish Airlines yana zuwa biranen Afirka ta Yamma da dama, ciki har da Abuja, Legas da Akra. Daga Istanbul zuwa Antaliya tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgi. Abin lura ɗaya: Istanbul filin jirgi biyu gare ta, babban a ɓangaren Turai, na Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu da nisa sosai. Kafin ka yi murnar tikiti mai araha, duba ko jirginka na biyu daga filin da ka sauka zai tashi. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Daga filin jirgin Antaliya akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke kai mutum babbar tashar mota, wadda suke kira otogar. A nan ake hawa bas mai zuwa Kemer ko Kumluja. Mai zuwa Cirali zai sauka a mararraba a kan D400, ya jira ƙaramar motar haya, dolmush, ta gangara da shi kusan kilomita 7 zuwa ƙauyen. Da kaya da yara wannan sauke-sauke yana da gajiyarwa, don haka gara a roƙi mai masauki ya turo mota, ko a ɗauki hayar mota tun daga filin jirgi. Tuƙi a hannun dama ne, amma hanyar tana da kwana da gangara, ba ta son gudu.

Biza fa?

Ɗan Najeriya, ɗan Nijar da ɗan Ghana duk suna bukatar biza. Turkiyya ba ta cikin Tarayyar Turai, bizarta daban take. Sharuɗɗan sukan canza, saboda haka a tambayi ofishin jakadancinsu kai tsaye, a fara da wuri, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Kada a biya kuɗin masaukin da ba a mayarwa kafin biza ta fito.

Babban otal ko ƙaramin masauki?

Wannan zaɓin shi zai yanke irin hutun da za ka yi. Daga Goynuk zuwa Tekirova manyan otal ne a jere, irin waɗanda ake biyan kuɗi sau ɗaya a ci a sha har a tafi. Suna da sauƙi ga mai ƙananan yara, ba musu. Amma an gina su ne don kada baƙo ya fita, kuma mutum zai iya yin mako guda a ciki bai taka daji ba, tsaunin ma sai dai ta taga. Giya da kiɗan dare kuma suna cikin tsarin yawancinsu.

Cirali daban take. Ƙauye ne a wani fili tsakanin tsauni da teku, dokar kare muhalli ta hana dogayen gine-gine, don haka masaukan ƙanana ne, pansiyon, mallakar iyalai, ɗakunan katako a cikin gonakin lemo da rumman. Da safe a kawo karin kumallo irin nasu: burodi, zaitun, cuku, tumatir, ƙwai, zuma da shayi. Bakin ruwan ya kai kilomita 3, tsakuwa da yashi. Kekuna ne abin hawa a cikin gari.

Olimpos, maƙwabciyarta, ta yi suna da ɗakunan katako masu araha, amma wurin samari matafiya ne, da hayaniyar dare. Magidanci ya zaɓi Cirali ko Adrasan.

Me ake zuwa gani?

Tsaunin Tahtali shi ne sarkin yankin, tsayinsa mita 2,365, kuma ƙafarsa kusan a cikin teku take. Tun 2007 akwai motar da ke rataye a igiyar ƙarfe, teleferik, wadda ke ɗaukar mutane daga mita 726 zuwa ƙololuwa cikin kusan minti goma. A tafi da rigar sanyi ko da a ƙasa ana zufa, kuma a ɗaga kai a dubi tsaunin kafin a sayi tikiti: in gajimare ya rufe shi, hazo kawai za a biya kuɗi a gani.

Faselis kango ne na tsohon birni a cikin daji, mutanen tsibirin Rodos suka kafa shi kusan shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa. Tashar jiragen ruwa uku gare shi, kuma Iskandar sarkin Makidoniya ya yi zaman hunturu a nan wajen shekara ta 334 zuwa 333 kafin miladiyya. Yau mutum yana bin tsohon titin dutse a ƙarƙashin inuwar itatuwa, ya wuce ginshiƙan da suka ɗauki hanyar ruwa ta zamanin Rumawa, ya ɓulla bakin teku ya yi wanka. Ruwan wajen ba zurfi, ya dace da yara. Kangon Olimpos kuwa daga Cirali da ƙafa ake zuwa ta bakin ruwa. Ya taɓa zama maɓoyar 'yan fashin teku har Rumawa suka fatattake su a shekara ta 78 kafin miladiyya.

Akwai kwazazzabon Goynuk mai ruwan sanyi, akwai Ulupinar inda ake cin gasasshen kifi a kan dandamalin katako ruwa na gudu a ƙarƙashi, akwai kwale-kwalen da ke fita daga Adrasan zuwa tsibirin Suluada. Shi ma tsohon garin Antaliya, Kaleici, ya cancanci yini guda, ko don hasumiyar Yivli ta ƙarni na 13 da Saljuƙawa, wata tsohuwar daular Turkawa, suka gina.

Da gaske ne akwai wutar da ke fitowa daga dutse?

Da gaske ne. Sunan wurin Yanartash, a saman Cirali. Iskar gas ce, galibi methane, take fitowa ta tsagar duwatsu tana ci da wuta, kuma ta haura shekara 2,000 tana haka, tsofaffin Girkawa ma sun rubuta labarinta. Hawan kusan kilomita ɗaya ne a kan matakalar dutse, minti ashirin zuwa talatin. Da almuru ya fi kyau a je, da tocila da takalmi mai riƙe ƙafa, domin saukowa cikin duhu ta fi hawan wuya. Kada a yi zaton babbar wuta ce. Harsuna ne ƙanana a warwatse, wasu har ana ɗora butar shayi a kansu.

Wanda ke son tafiyar ƙafa cikin daji fa?

Hanyar Likiya, wata doguwar hanyar tafiyar ƙafa, ta ratsa yankin. Wata Baturiyar Ingila, Kate Clow, ita ta tsara ta, aka buɗe a 1999, kuma ta haura kilomita 500 daga wajen Fethiye zuwa kusa da Antaliya. Alamarta fenti ne fari da ja a jikin duwatsu da itatuwa. Ba dole ba ne a bi ta duka, yawancin mutane zango ɗaya suke ɗauka. Zangon da ya fi shahara shi ne wanda ke kai mutum fitilar jiragen ruwa ta Gelidonya, inda a ƙarƙashin teku aka tono wani jirgin da ya nutse kusan shekara 1200 kafin miladiyya. Tsakanin Adrasan da Olimpos kuwa hawa ne mai tsanani na yini guda. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, a tashi da sassafe, kada a tafi mutum ɗaya, kuma a gaya wa mai masauki inda aka nufa.

Abinci, salla da suturar iyali?

Naman alade ba kasafai ake ganinsa ba, amma a manyan otal masu baƙin Turai a tambaya. Abincin da ba ya ba da kunya shi ne gozleme, wani siririn burodi da ake gasawa da cuku ko dankali a ciki, sai pide, kofte, kifi, da piyaz na Antaliya, wato wake da miyar riɗi. Ayran nono ne da aka dama da gishiri, ba sukari, kada yaro ya kurɓa da zaton fura ce. Yaji bai cika yawa ba, mai son barkono ya yi guzuri.

Masallaci akwai a garuruwa da ƙauyuka, kuma gidajen mai da yawa suna da ɗakin salla, an rubuta mescit a ƙofa. Juma'a ranar aiki ce a Turkiyya.

Bakin ruwa kuwa gauraye yake, kowa da irin shigarsa, gara a san da haka tun daga gida. Matan Turkiyya masu lulluɓi suna shiga ruwa da rigar wanka mai rufe jiki, hashema, ba mai kallonsu. A 2014 hukumar birnin Antaliya ta buɗe bakin ruwa na mata zalla a Sarisu, kuma akwai otal marasa giya masu wurin wankan mata daban, ko da yake sun fi yawa a wajen Alanya, gabas da Antaliya, inda dajin bai kai na nan kusa ba.

Akwai haɗarin da ya kamata a sani?

Gobarar daji ita ce babba. Itacen cam yana da ƙaro, da rani kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A ƙarshen Yulin 2021 gobarar Manavgat, gabas da Antaliya, ta ci ƙauyuka da gonaki, kuma a Yulin 2023 wuta ta tashi a dajin Kemer. Saboda haka gwamnan lardi yakan hana shiga daji a watannin zafi, wanda wannan ma wani dalili ne na guje wa Yuli da Agusta. Gasa nama a cikin daji ko jefar da guntun sigari laifi ne. Lambar gaggawa 112 ce.

A Cirali akwai wata doka daban. Kunkurun teku suna fitowa su yi ƙwai a yashi daga Mayu, 'ya'yan su ƙyanƙyashe har zuwa Satumba, don haka ana hana zama a bakin ruwa da dare, da kunna wuta ko fitila, kuma ba a taɓa kejin ƙarfen da aka kifa a kan ramukan ƙwai. Wanda bai iya iyo ba ya lura cewa a wasu wuraren taku kaɗan ne ruwa ya yi zurfi.

Kwana nawa, kuma yaya batun kuɗi?

Mako guda ya isa: kwana ɗaya ko biyu a Antaliya, sauran a Cirali ko Adrasan, ana fita ana dawowa. Kuɗinsu lira ne, kuma tsadar kaya tana sauya farashi da sauri, har wuraren tarihi yanzu da yuro ake yanka wa baƙi kuɗin shiga. Duk farashin da wani ya gaya maka na bara, ka sake tambaya. A tafi da dala ko yuro a canza a Antaliya ko Kemer, a riƙe tsabar lira don dolmush da masu gozleme na bakin hanya, domin katin banki na gida ba koyaushe yake aiki a waje ba.