Ba kowace tsagewa ce ke shanye ruwan suwimin ful ba

Jama'a don Allah a daina wannan abu, da an ga ruwan tsohon suwimin ful na siminti yana raguwa sai a ce ai tsagewar jikin bangon nan ce, a kira birkila a kwashe ruwa duka a sake filasta. Kuɗi ya tafi, bayan sati biyu ruwa na nan yana sauka.

Yawancin tsagewar nan siririya a saman filasta kawai take, ba ta ratsa kankare ba. Inda yoyo ya fi ɓoyewa shi ne mahaɗa, wato inda fayif ya shiga bango, kewayen fitilar cikin ruwa, da bakin akwatin nan mai jan datti, don roba da siminti ba sa zama lafiya idan shekaru suka ja.

Kai wani lokaci ma ba yoyon ba ne, iskar hunturu da rana ne ke sha. Sa bokiti da ruwa a kan matakalar cikin ful ɗin, yi alamar inda ruwa ya tsaya a cikin bokitin da wajensa, jira awa 24, in na ful ɗin ya fi na bokiti sauka to akwai yoyo. Sai ka kashe injin da ke juya ruwan ful ɗin, ruwa ya kwanta, ka ɗiga kala da sirinji kusa da inda kake zargi, za ka ga tana shigewa ramin da kanta. Ƙaramin rami akwai gam na epoxy da ke kamawa a cikin ruwa.

Kwashe ruwan nan kuma haɗari ne wallahi, musamman da damina, ruwan ƙasa na iya ɗago ful ɗin ya fasa shi.