Wayar da ba ta cin wuta: tambayoyin wani mai gyaran lantarki a Birnin Kebbi

Malam, wai da gaske akwai wayar da wuta ke bi ba ta yi zafi ba?

Akwai. Taɓa wayar injin casar shinkafa bayan ya wuni yana aiki, za ka ji ɗumi. Ɗumin nan wuta ce ta salwanta a hanya, domin jan ƙarfe yana turjewa. A 1911, a Leiden ta ƙasar Holan, masanin kimiyya Kamerlingh Onnes ya gano cewa in aka sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, turjiyar tana ɓacewa ƙurmus. Irin wannan sinadari shi ake kira "superconductor" da Turanci.

To na ji akwai sabuwar irin wannan waya, me ya sa ake ce mata "mai jure zafi"?

Sunan nan yaudara ne, kada ka tuna da zafin Afrilu a Kebbi. A 1986 masu bincike Bednorz da Müller suka buɗe hanya a Zurich, da gano sinadarin da turjiyarsa ke ɓacewa a sanyin da bai kai na zaiba ba, shekara guda bayan haka aka samu sinadarin da ke aiki a wajen digiri 180 ƙasa da sifili. Wannan ne "zafin". Amfaninsa shi ne ruwan naitirojin, mai digiri 196 ƙasa da sifili, ya isa ya sanyaya shi, kuma ya fi ruwan hiliyam araha nesa ba kusa ba.

Yaya kamanninta?

Ba zagayayya ba ce irin tamu. Falle ne kamar zaren kaset, faɗinsa milimita 4 zuwa 12. Sinadarin dangin tangaran ne, in ka lanƙwasa shi sai ya tsage, shi ya sa ake shafa shi siriri a kan fallen ƙarfe, a rufe da azurfa da jan ƙarfe. Sai a jera falle da yawa ko a murɗa su kamar igiya, su zama kebul.

Ina aka yi aiki da ita?

A 2014 an binne mai tsawon kilomita ɗaya a birnin Essen na Jamus. A Amurka kuwa, a 2021, jami'ar MIT da wani kamfani sun naɗa maganaɗisu da ita mai ƙarfin tesla 20 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Na injin hoton MRI a asibiti yawanci 1.5 ne ko 3.

Ba za ta dace da layin Kainji zuwa Birnin Kebbi ba?

A ganina, a'a. Kowane taku na wayar sai yana cikin bututun sanyi, da injina masu aiki dare da rana. Sanyin ya yanke, da ta ɗumama ta daina aiki. Gurbinta gajeriyar hanya ce mai ɗaukar wuta da yawa, ba ɗaruruwan kilomita cikin daji ba.