Waiwaye: yadda aka koya wa abokin gaba na kwamfuta tunanin gogaggen soja

Tun zamanin da sojojin Furushiya, wata tsohuwar masarauta a Jamus, ke wasan yaƙi a kan taswira wajajen 1824 mutum ne ke taka rawar abokin gaba. Da Amurka ta kawo SIMNET a shekarun 1980, inda ake haɗa na'urorin koyon tuƙa tankar yaƙi su fafata ta kwamfuta, sai aka ga ina za a samo ɗaruruwan mutanen da za su zauna su zama maƙiya? Aka ce to kwamfuta ta yi.

Maƙiyan kwamfuta na farkon dai dolaye ne wallahi, doka kawai suke bi, in kaza ta faru yi kaza, soja ya buga da su sau biyu uku ya gama haddace su. Su kuma masu tsarawa sun ɗauka ƙwararre yana jera zaɓi ne ya auna kowanne sannan ya ɗauki mafi kyau.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Gary Klein, shi ne ya rusa wannan a tsakiyar shekarun 1980, da kuɗin binciken sojan Amurka amma wajen 'yan kwana-kwana ya je. Ya tarar kwamandojinsu ba sa wani aune-aune, wuta na ci ina lokaci? Suna kallon yanayi su gane irinsa, dabara ɗaya ta faɗo musu, su gwada ta a zuci, in ta yi shikenan. Akwai wani kwamanda da suka shiga kashe wutar kicin, ana zuba ruwa wuta ko gezau, ga zafi ya yi yawa ga shiru, kawai ya ce kowa ya fita, suna fita daɓen ya rufta, ashe wutar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take.

Sai kuma 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran, mutum 290 suka mutu, shawara ce ta 'yan mintuna, abin da ya sa sojan ruwa suka zuba kuɗi kan binciken yanke shawara cikin matsi.

Zuwa 1997 wata manhaja mai suna TacAir-Soar na tuƙa jiragen kwaikwayo a atisayen sojan Amurka na STOW-97, daga baya masu bincike suka riƙa cusa tsarin Klein cikin irin waɗannan manhajoji. A 2020 wata manhaja ta lallasa matuƙin jirgin yaƙi F-16 ci 5 da nema a fafatawar kwaikwayo ta DARPA, hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, sai dai a ganina wannan wata magana ce daban, mai horar da soja maƙiyin da yake nema shi ne mai gajiya, mai ruɗewa, wanda za a iya yaudara kuma shi ma ya yaudare ka.